Kujerar Mai Zaman Banza

Duk wanda ke bin babbar hanyar nan safe da yamma ya san abin da take yi wa mutum. Tana cin bayanka, ta ci aljihunka, sannan ta ci fara'arka. Mu da muke zaune can ƙarshen gari inda haya ke da dama-dama, aiki kuma yana cikin birni, da duhu-duhu muke fita jiran bas, mu dawo mu tarar yara sun yi barci. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ban san wahalar da ta kori mutumin nan ba. Na san ta, har yau a gadon bayana take. Amma wahala daban, ƙazantar zuciya daban. Ni dai duk lokacin da na tuna shi sai miyau ya taru mini a baki in nemi wurin tofarwa.

Mai Jif muke kiransa, tun lokacin da ko keke ba shi da shi. Kamfaninmu ɗaya, na rarraba kayan gini, shi yana sito, ni ina ɓangaren ciniki. Bas ɗaya muke shiga. Da zarar mun faɗa cunkoso sai ya manna fuska a gilashi ya fara yi wa motocin mutane hisabi.

"Waccan ta cika girma, ina za ka ajiye ta a ofis? Wannan kuwa ta yi ƙasa da yawa, rami ɗaya za ka ji cikinta yana gurzar titi. Ƙaramar jif, ita ce motar mai doguwar hanya. Ga tsayi, ga laushin kujera, ga sanyi, kuma ba ta zuƙar mai kamar manyan."

"To mun ji, Mai Jif," in ji kwandasta. "Kafin ta iso, ɗan matsa a ba baiwar Allah nan wuri."

Mu yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori. A gida yana da mata mai ɗinki, da ƙane mai gyaran waya wanda shagonsa ke cikin birni, da 'ya guda ɗaya tal, budurwa mai son zama ma'aikaciyar jinya. Uwata yake kiranta, don ta ɗebo kamannin mahaifiyarsa. In akwai abin da yake so a duniya bayan mota, to yarinyar nan ce.

Wata safiya aka tashi da ruwa, bas ta mutu mana a tsakiyar hanya. Muna tsaye a gefen titi kamar kaji, sai ga wani yaron ofis da bai daɗe da fara aiki ba ya wuce a ƙaramar jif, ya watsa wa Mai Jif ruwan kwata tun daga ƙirji har ƙafa. Bai ma gan mu ba. Mai Jif ya tsaya yana kallon motar har ta ɓace, sannan ya ce a hankali, "Na kusa gama shiga bas." Na ɗauka maganar ɓacin rai ce.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, lokacin da ba sauran abin ɓoyewa.

Wani dillali ne ya yi masa kwatancen wani boka. A bayan filin da ake yanka tsofaffin motoci akwai wani ɗaki da aka haɗa da ƙofofin mota masu tsatsa, rufinsa murfin inji. Da rana tsaka ya je, amma ya ce cikin ɗakin duhu ne, sai ɗan hasken da ke ratsa ɓarakar ƙarfe. An rataye madubin mota ko'ina, duk inda ya juya sai ya ga fuskarsa gutsi-gutsi. A kusurwa an jingine wani sitiyari an naɗe shi da gashin mutum. Ga rabin jarka cike da baƙin mai, gashin tsuntsu da gudan jini suna yawo a sama. Warin wurin irin na mushen da ya kwana cikin mota a rufe.

Bokan ba tsoho ba ne. Ƙato ne mai tumbi, yana zaune a kan wata yagaggiyar kujerar mota da soso ya fito mata, yana tsotsar ƙashi, ƙudaje na bin gefen bakinsa ko korarsu ba ya yi.

"Kuɗi kake so ko mota?"

"Duka biyun, ranka ya daɗe."

"Fara da motar. Wace iri?"

Nan fa Mai Jif ya manta da warin, baki ya buɗe. Ƙarama, mai tsayi, mai laushin kujera saboda ciwon baya, mai sanyi, mai riƙe hanya idan an taka ta. "Kuma uwa uba, wadda ba ta shan mai. Hanyata doguwa ce."

Bokan ya cire ƙashin daga baki ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Babu motar da ba ta sha. Sai dai ka zaɓar mata abin sha."

Mai Jif ya sha jin labaran irin wannan wuri, don haka ya yi maza ya ce, "Tun yanzu in faɗa maka, ba na ba da matata, ba na ba da 'yata."

"Wa ya tambaye ka mutum? Ni kujera nake so. Motar taka kujera nawa ce?"

"Biyar."

"Huɗu naka, ɗaya tawa. Wadda ke gefen direba."

"Kujerar mai zaman banza?"

"Ita fa. Ka ba ni?"

"Na ba ka."

"Maimaita."

"Na ba ka."

"To daga yau babu mai zaman banza a motarka. Duk wanda ya zauna, aiki yake yi." Ya goge hannu a cinyarsa. "Arzikinka a kan hanyar nan yake. Kullum ka bi ta, zuwa da dawowa. Ranar da ka daina, ya yanke. Ka riƙa duba allurar mai. Idan ta fara yin ƙasa kada ka wahalar da kanka zuwa gidan mai, ba za ta karɓa ba. Ka rage wa wani hanya. Ai lada ne."

"Idan ta kai ƙasa kuma ba kowa a gefena?"

"Mota ba ta zama da yunwa. Za ta duba wanda ya fi kusa."

Kada wani ya ce mini bai gane ba. Mutumin da ya san bambancin kowace taya da kowane inji, wannan 'yar maganar ce za ta shige masa duhu? Ya gane sarai, ya dai kau da kai ne.

Aka sa shi ya cire takalmi ya tsoma ƙafafu cikin jarkar. Ya ce abin da ɗumi, kuma wani abu ya motsa tsakanin yatsunsa. Bokan ya zaro wani tsohon makulli daga ƙasan kujerarsa, ya tofa masa miyau, ya miƙa masa ya ce ya lasa. Ya lasa. Namiji mai 'ya budurwa, ya durƙusa ya lashi kakin wani ƙato saboda mota.

"Bar takalmin nan, ka gama tafiya a ƙasa. Idan ka je saye, ƙudaje za su nuna maka taka."

Ba a daɗe ba shugaban sito ya kwanta ciwo, aka ɗora Mai Jif a kujerarsa. 'Yan kwangila suka fara nemansa shi kaɗai. Ya buɗe nasa shagon ƙarfe da siminti a bayan fage, ciniki ya riƙa zuwa kamar ana koro shi. Ranar da zai sayi motar ni ya ja na raka shi, wai in taya shi gani.

Dillalin motocin da muka je wurinsa ya jera mana ƙananan jif guda biyu. Mai Jif ya shiga fara, ya ce kujerarta ta yi tauri. Ya shiga baƙa, ya ce tana jijjiga idan an taka. Duk yana yi ne idonsa na can ƙarshen fili, inda wata mai ruwan toka ke tsaye ita kaɗai. Tsaf take, tana ƙyalli, amma ƙudaje sun yi baƙi a jikin ƙofar gaba ta gefen fasinja.

"Wannan fa?"

"Ka iya zaɓe, yallaɓai," in ji dillalin. "Ba ta yi wata tafiya ba. Mai ita rasuwa ya yi. Kuma ba ta shan mai ko kaɗan."

Na buɗe ƙofar zan zauna, wani ƙarni ya bugi hancina, na ja da baya. Na taɓa kujerar na ji damshi. Na ce, "Anya ba ɓera ne ya mutu a ciki ba?" Mai Jif ya ce turare zai gyara. Ranar a baya na zauna, kuma daga ranar ban ƙara shiga motar ba. Ba wayo ba ne, hancina ne ba ya jure wari.

Ƙanensa ne ya fara cin moriyar motar. Hanyarsu ɗaya, kullum yana gaba, ya sa bel ya miƙe ƙafa yana sauya waƙa. "Yaya, wallahi kujerar nan barci take sa ni," haka yake cewa. Da farko barci ne. Daga baya sai ya sauka a shago jiri na ɗibarsa, hannunsa na rawa har ya kasa riƙe ƙaramin sukurun waya. Saurayi mai jini a jika ya koma fari fat, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Asibiti suka ce jininsa ya yi ƙasa, aka ƙara masa, ya koma kujerar, ya sake yin ƙasa. Mai Jif da kansa yake kai shi asibitin, a gidan gaba.

Ya faɗa mini da bakinsa cewa yana tuƙi yana kallon allura tana hawa, ƙanensa na gefe kai ya langaɓe. Na ce, "Me ya hana ka ce ya koma baya?" Ya ce a lokacin ne ake maganar ba shi babbar kwangila.

A cikin motar yaron ya cika, suna cikin cunkoso. Da muka je ta'aziyya Mai Jif ya fi kowa kuka, motar na ƙofar gida an wanke ta tas. A makon ne ya sami kwangilar.

Daga nan ya kafa doka a gidansa: matarsa da 'yarsa ba mai zama gaba, wai bel ɗin kujerar ya lalace. Sai ya koma mutumin kirki. Ya tsaya a tashar bas da sassafe, ya sauke gilashi yana murmushi. "Birni za ka? Zo in rage maka hanya." Mai gadi, malamar makaranta, tsoho mai zuwa ganin likita, duk suna shiga suna sa masa albarka. Ya koyi dabara, ba ya ɗaukar mutum ɗaya kullum, yana juya su. Wannan ya sauka da ciwon kai, waccan ta yi ɓari, wancan ya kwanta bai tashi ba. Wa zai zargi mai taimako? Har a masallacin unguwa ana ba da misali da shi.

Ya sayi gidan hayar da yake ciki, ya rushe shi ya tayar da bene. Na taɓa tambayarsa, "Kai da Allah ya buɗa maka, me ya hana ka koma cikin birni kusa da aiki?" Ya ce ya saba da hanyar. Yana maganar warin nan na fita daga rigarsa, ya cakuɗe da turare mai tsada. Sai da na juya kai.

Motar kuwa sai ƙara lalacewa take ta ciki. Turaren mota ya rataya har guda nawa a jikin madubi, a banza. Masu wankin mota suka fara ƙin karɓarta, ɗaya ya ce ya matse kujerar wani ruwa ja-ja ya fito. Matarsa, mace mai tsafta da ba ta son magana, ta gaji da gorin maƙwabta. Wata ranar hutu yana barci ta ɗauki makulli da almakashinta, ta ce bari ta farke rigar kujerar ta ɗinka sabuwa.

Ihunta ne ya tara mutane. An same ta zaune a ƙasa, almakashi a hannu, kujerar a farke. Soson ciki ya jiƙe jagab, tsutsotsi na motsi a ciki, kuma yana hawa yana sauka a hankali kamar mai numfashi. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Ya kira ni. Ƙanenka ya kira ni daga ciki." Tun daga ranar ba ta ƙara komawa daidai ba. Duk kujerar da ta gani a gidan sai ta farke, har aka ɓoye almakasai, daga baya danginta suka zo suka tafi da ita. Mai Jif ya sa aka yi wa kujerar sabuwar riga ta fata.

Magana ta fita. Idan ya tsaya a tasha ya sauke gilashi, mutane sai su kalli wani wajen. Ana ruwa, ana rana, sun gwammace su jira bas. Ya gwada nesa da unguwa, amma da mutum ya buɗe ƙofa ya ji wari sai ya ce ya fasa. Allura ta fara sauka. Ciniki ya fara ja da baya tare da ita, wani babban ɗan kwangila ya ce zai sake tunani. Mai Jif ya rame, ya riƙa zama a ofis yana cizon farce.

A daidai lokacin ne aka kira 'yarsa jarrabawar shiga makarantar jinya, a cikin birni.

Abin da ya faru a ƙofar gida shi ya faɗa mini. Ta fito da jakarta ta buɗe ƙofar baya kamar kullum. Shi yana riƙe da sitiyari yana kallon allura, ta kusa taɓa ja.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Dawo gaba. Yau ke ce babbar baƙuwa."

"Ba ka ce bel ɗin ya lalace ba?"

"An gyara."

Ta yi murna. Ta zagayo ta zauna, ta ɗan yamutsa fuska saboda warin amma ta daure, don yarinya ce mai kunya. Ya ce a ransa tafiya ɗaya ba ta kisa, ƙanensa ma sai da ya daɗe. Bai lissafa cewa motar ta jima ba ta ci ba.

Sauran kuwa ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Ina cikin bas, a jikin taga, mun tsaya cak a cunkoson kan gada. Na leƙa ƙasa sai ga jif mai ruwan toka a layin kusa da mu. Yarinyar na gidan gaba, littafi a buɗe a cinyarta, kanta ya jingina da gilashi, baki a ɗan buɗe. Ƙudaje sun taru a jikin ƙofar. Shi kuwa ba ita yake kallo ba. Allura yake kallo.

Na buga gilashin bas na yi ihu, "Mai Jif! Fitar da ita!" Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya ji ni. Sai layinsu ya motsa, ya sa giya ya wuce.

Ba ta rubuta jarrabawar ba. A bakin ƙofar makarantar aka ciro ta ba rai, jikinta ba nauyi. Kafin yamma ɗan kwangilar nan ya buga waya ya ce ya amince.

Ban je ta'aziyya ba, kuma ban yi nadama ba. Shi ne ya zo ya same ni a ofis bayan an share makoki, ya rufe ƙofa ya zazzage mini duk abin da na ba ku, yana kuka majina na zuba. Ya ce ya koma wurin bokan, ya tarar an share filin an fara gini. Ya gama ya ce, "Ka taimake ni, abokina. Allura ta sake sauka. Ka raka ni gida yau kawai." Wato duk kukan nan gabatarwa ce. Na tashi na buɗe masa ƙofa, na ce ya fita kafin in yi amai a kan tebur.

Ya tafi shi kaɗai. Da la'asar motar ta tsaya a tsakiyar babbar hanya, ta haɗa cunkoson da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Da jami'an hanya suka zo, ba kowa a kujerar direba. Yana gefe, a kujerar mai zaman banza, bel a ɗaure, injin na aiki, allura ta cika taf. Sai da aka yanke bel ɗin aka ɓamɓaro shi, fatar bayansa ta manne da kujerar.

Bai mutu ba, kuma a ganina bai cancanci wannan sauƙin ba. Shagon ya rufe, benen ya tafi a hannun masu bin sa, dangi suka gudu. Yana nan a tasharmu, ƙafa ba takalmi, ya bushe kamar kara, ƙudaje na bin sa. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana juya hannu a iska. Duk yarinyar da ta wuce da jakar makaranta sai ya ce, "Uwata, koma baya. Koma baya, ba a gyara ba."

Ni har yau bas nake shiga. Bayana na ciwo, kwandasta na taka ni, ina isa gida a gajiye. Amma ina tarar da mutanena cif, kowa da jininsa a jikinsa. Kai mai hanzarin kuɗi, kai da ka ƙosa ka daina jira a bakin titi, ka sani duk wanda ya ce zai ba ka arziki a kan kujera ɗaya, ya san a ƙarshe naka za ka ɗora a kai. Ba zai ƙwace ba, kai za ka buɗe ƙofa da hannunka ka ce bismillah.

Motar kuma ba a ƙone ta ba. Kwanan baya na hango ta daga tagar bas, a filin wani dillali, an wanke ta tana ƙyalli. Wani mai sabon aure na zagaya ta yana bubbuga taya da ƙafa, dillalin na gaya masa ba ta shan mai. Amaryar tana tsaye a jikin ƙofar gaba, tana korar ƙudaje da gefen mayafinta.